Ƙarfe Shida a Bilbis

Shekara huɗu a gidan kason Tawa
Nomau ne agogona.
Da asuba yakan taɓa mini ƙafa:
"Tashi, haɗiye ƙwayarka,"
ya ja layi guda da gawayi a bango.

Ran da na fito, bangon bai biyo ni ba.
Sahiya, ɗiyar ƙanena, ta miƙo tsohuwar salula
mai tsagaggen gilashi,
ta saita ta a ƙarfe shida.

Safiyar farko da ta yi kuka
na miƙe zumbur, hannu a baya,
ina jiran a ƙidaya ni.
Ba kowa, sai akuyar maƙwabta.

Yanzu mun saba.
Ita ke riƙe da awon jinina
da ranar komawa wurin lokotoro,
ta karanto mini saƙon farmasi da murya.
Ba ta taɓa tambayata abin da na aikata ba.

In an ɗauke wuta, dala ashirin a rumfar caji.

Sai dai kullum, da ruwa a bakina,
nakan jiyo tarin Nomau.
Wa ke taɓa tasa ƙafar?