Kwalbar Ladipo

A Ladipo Ikenna ya miƙo min kwalba,
ruwanta ja kamar zoɓo:
"Ɗiga a giyar baya, babur zai manta tsufa."
Na biya kuɗin tuwon kwana uku.

Tanimu bakanike, ƙarƙashin gadar Agege,
ya shinshina, ya goge yatsa a wando.
"Yaushe rabonka da juye mai?"
Na sosa ƙeya.
Ya kwance noti, baƙin ruwa ya tsiyayo
da garin ƙarfe, da ambaliyar Oshodi ta bara.

"Haƙori in ya cinye, zuma ba ta tsiro da shi.
Sabon mai, daidai awo. Tashi."

Kwalbar na kan tagata har yau.
Da la'asar rana kan ratsa ta,
bango ya yi ja.
Wannan kam ta iya.