Bangon da Ke Gina Kansa

Shekara huɗu a Garwa
ina leƙen ƙwan kwaɗin Binuwai a madubin likita.
Babana magini ya ce, “Dudu, me kike nema?”

Na ce, ƙwayar halitta, Baba.
Ba ido, ba kunne,
amma ta san goshinta, ta san ƙeyarta.
Ta ba waje fuska, ta kafa ƙafa ciki,
ta dafa kafaɗar maƙwabciya
har fata ta tashi, ba igiyar awo.
In ɗaya ta manta gabas, sahu ya karkace.

Jiya aka ɗauke wuta, firji ya mutu,
aikin wata uku ya ruɓe.
Baba ya kankare cokalin gininsa, ya ce,
“Tubalin farko fa, wa ya nuna masa sama?”

Babin da ban rubuta ba ke nan.