Taka, Riƙe, Saki

Ranar Lahadi bayan azahar, a Bagalam,
na ɗaga tsohuwar Fijo kan jak da kututture biyu
a inuwar dalbejiyar ƙofar gida.
Sati guda birkinta na amsa mini da kasala,
in na taka sai ƙafa ta nutse kamar a damun fura.
Shekaranjiya a hanyar Tibiri
saura ƙiris in shige bayan amalanke.

Iska ce ta shiga jijiya.

Da can aikin mutum biyu ne.
Ina 'yar shekara tara a kujerar direba,
an cusa mini matashi a baya don ƙafa ta kai,
Baba Nomau kwance a ƙasa kan buhu,
muryarsa na fitowa ta tsakanin ƙarafa:
Taka. Taka. Riƙe.
Kar ki saki, Barira, sai na ce.
Cinyata na rawa, ina cizon leɓe.
Ban san abin da nake riƙewa ba,
na dai san shi ne a ƙasa.

Yau na zo da tulun roba mai famfo a ka
da agogo mai allura ɗaya,
jaka goma sha biyu wajen Laminu mai kayan mota,
bayan ciniki har da rantse-rantse.
Ya ce, wannan ba ya neman mataimaki.

Na zuba sabon mai, garau kamar man gyaɗa tatsar farko,
na ɗaure murfi a bakin ɗan tanki, na buga famfo
har allura ta hau ta tsaya kan ɗaya.
Baba na kan tabarma jikin bango,
hannun dama kwance a cinya tun bara.
Bai ce uffan ba. Yana duban tulun
kamar wanda ya tarar da baƙo a kujerarsa.

Na fara da tayar baya ta dama, mafi nisa.
Siririn tiyo a bakin nonon ƙarfe, wutsiyarsa cikin kwalba,
sifana lamba takwas, ɗan murɗi kaɗan.
Tsohon mai ya fito baƙi, shayin da ya kwana a buta,
sai kumfa, ƙanana ƙanana,
suna bin tiyo a jere kamar tururuwa.
Ba wanda ya ce taka.
Ba wanda ya ce riƙe.
Kaji ne kawai, da rediyon gidan Tsahara.

A taya ta biyu mai ya yanke.
Na murɗa, na ƙwanƙwasa, na zagi Laminu a zuci.
Sai murya daga bango, da nauyin harshe:
"Ke ɗiya. Yana huci."
Ni ban ji komai ba.
"Murfin. Saurara."
Na rarrafo na duba: allura ta faɗo,
mai na tsattsafowa ta gefen roba, yana neman cin fenti.
Kunnen da ya shekara talatin
ƙarƙashin manyan motocin Kwatano
ya riga allura.

Na sassauta, na goge, na watsa ruwa,
na zaunar da robar daidai, na sake bugawa.
Baya ta hagu. Gaba ta dama. Gaba ta hagu.
Kowace sai da ta amayar da iskarta
har mai ya zo tas, ba ɗigon kumfa.

Rana ta karkata wajen gulbi
da na mayar da tayoyi, na sauke mota.
Ni da Habsu muka kama shi, ɗaya kowane gefe,
muka zaunar da shi gaban sitiyari,
na cusa masa matashi a baya.
Ya lalubo birki da ƙafar hagu.

Ba sauran abin yi a ƙasa,
amma na ja buhu na kwanta.
Na ce, taka, Baba.
Ƙarfe ya yi ɗan ƙara a saman kaina.
Na ce, riƙe.
"Ya yi tauri," in ji shi.

Ladan ya fara gyaran murya.
Ban yi saurin cewa saki ba.