Hoton da Ban Yi Niyya Ba

Na iso Tawa ran Lahadi, kasuwa tana watsewa,
kwana arba'in na yi a Japan wajen koyon aikin ruwa.
Bayan isha aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida,
na ciro waya, yara suka yi mini zobe,
Baba Arzika na gefe yana murza gwiwa da man kaɗe.

Na ce, ga gidan sarautar da na shiga ranar hutu.
Fari fat, hawa bisa hawa,
rufinsa ya ɗage kunnuwa kamar zai tashi sama.
Gwalalo ya kewaye shi, cike da ruwa,
jajayen kifaye na kai da kawowa, ba mai kamawa.
Cima ta ce, "Ko ɗaya?"
Na ce, ko ɗaya.
Ta riƙe baki.

An ba mu leda a ƙofa, muka zuba takalma,
muka kama matakala mai tsayuwar tsanin rumbu,
kowa goshinsa a diddigen na gaba.
Wata tsohuwa mai ƴar tuta tana ta bayani:
sarki wane ya gina, sarki wane ya ƙwace,
ta nan ake sako duwatsu, ta nan ake harbi.
Sunayen duk sun zube mini kafin in sauko.
Can ƙololuwa, iska ce kawai,
sai gari a shimfiɗe, jirgin ƙasa na ratsa shi kamar zare.

Baba ya miƙo hannu.
Shekara hamsin yana gini,
yatsunsa sun yi kaushi har gilashin ba ya jin su,
sai ni nake ja masa.

Ga ni a bakin ƙofa. "Wuce."
Ga ni a gaban furanni. "Wuce."
Ga ni, ga ni, ga ni kuma.
Ya ce, "Kai na sani, ni na yanka ragon sunanka.
Ina katangar?
Da me suka yi yaɓe?"
Ban tambaya ba.
"In sama ta zuba, ta ina ruwan yake sauka?"
Ni da aka tura koyon ruwa
na sunkuya ina gyaran bakin tabarma.

Sai ga wani hoto da ban yi niyya ba,
yatsa ne ya taɓa sa'ad da na duƙa ɗaurin takalmi:
rabin ƙafata, da gindin ganuwa,
dutse bisa dutse, ba laka,
ƙanana cushe tsakanin manya,
a jikin ɗaya an sassaƙa wata alama,
zagaye guda da zane biyu.

"Tsaya."

Ya kawo wayar daf da ido. Ya daɗe.
Shayi ya huce, ƙaramin cikin yaran ya yi barci.
"Wannan ya san dutse," in ji shi,
"da a Adar aka haife shi da mun yi aiki tare.
Dubi yadda ya ba kowanne makwanci,
bai tilasta wa ko ɗaya ba.
Alamar nan kuwa hannu ya sa,
kada gobe a ce sarki ne ya ɗauko a ka."

Na ce, tsohuwar ba ta faɗi sunansa ba.
Ya yi dariya ta hanci.
"Yo, da ma ana faɗi?"

Ya tashi da ƙyar, ya ce in haska masa.
Muka shiga zaure,
zauren da nake ratsawa tun ina rarrafe,
ya ɗaga sanda ya share yanar gizo
a ƙarƙashin azara ta huɗu.
Yatsu uku ne, dangwale cikin tsohuwar laka,
na tsakiya ya ɗan karkace.

"Na Nomau ne, kakanka.
Dutse ya murƙushe masa shi yana yaro.
Ɗauka."

Na ja da baya, na daidaita haske, na ɗauka.
Wannan karon ban shiga ciki ba.