Harafi Bakwai

Daren Laraba aka taru a zauren dagacin Tudun Kanya,
fitila ɗaya, tabarma uku, bakuna ashirin.
Ni ne magatakarda, biro a kunne.

Haladu ya ce, "An ga yaran rugar Jauro Bappa
a maƙerar Guri suna wasa adda.
In ba mu riga su ba, su riga mu.
Rigakafi ya fi magani."
Na ce, "Kaka ce ta zo, Haladu.
Taka addar ma jiya ka kai wa maƙeri."
Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Sai ya jawo mini bara waccan,
ranar da wuta ta kama gidan Ladidi mai ƙosai:
"Wa ya yi sallama? Wa ya jira izinin maigida?
Kai da kanka ka tsallake danga,
ka fito da jikanta a kafaɗa."

Gaskiya ne. Ga tabon nan a gwiwar hannuna.
Amma ran nan hayaƙi na gani da idona,
kururuwa ce ta kira ni da sunana.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta
shafa wa naka ruwa.
Ba a ce ka cinna wa nasa
don gudun kada gobe naka ya kama ba.

Dagaci ya sunkuya yana jan carbi.
Hakimi na nesa, alƙali ya fi shi nisa,
hanyar Haɗeja ruwa ya cinye ta.

Kafin asuba suka ratsa fadama, su goma sha bakwai.
Da hantsi suka dawo da shanu tara
da wani shiru da ba su tafi da shi ba.
Addunan kuwa an tarar da su
jingine da karan da aka sara wa maruƙa.

Abin da ke cina shi ne:
da wasu ne suka far wa rugar, muka jiwo ihunsu,
mu nawa za mu tsallaka?

Yanzu an ce in rubuta wa hukuma "kare kai".
Harafi bakwai kacal.
Na sa kwanan wata, na sa sunan gari,
tun azahar biro ya tsaya nan.

A ƙetaren fadama, an ce,
yau kam da gaske ake wasa adda.