Poto na Arba'in da Bakwai

Tun asuba aka rasa kuran a Tabalak.
Firijin asibiti ya yi shiru,
mai ƙanƙara na zagin wanda bai sani ba.
Ni aka turo daga Tawa,
ni da tsani da igiyar ƙugu,
in nemo ɓarawon wutar.

Na same shi a gindin poto na arba'in da bakwai.
Bai gudu ba.
Ashe ungulu ce, kwance rub da ciki,
ƙafafu a dunƙule kamar hannun marowaci,
ƙaurin gashi ya tare ni tun daga bakin hanya.

Na buɗe fikafikanta, na sa magwaji,
daga baki zuwa baki ta kusa tsawona.
Na ɗaga kai, na dubi tazarar wayoyi biyu.
Lissafin bai yi wuya ba.
Miƙa ta yi, irin wadda kowa ke yi da safe,
fiffike ɗaya nan, ɗaya can,
ta zama gada, wuta ta haye ta kanta.

A takarda na rubuta: an gyara.
Takardar ba ta da layin sunan tsuntsu.

Asumane mahauci ya zuba mini shayi,
ya ce da can sai da sanda a hannu ake fiɗa,
suna nan jere kan katanga kamar 'yan zaman makoki.
Yanzu tumbi na wuni a rana,
ba mai ɗauka sai kare da ƙuda.
"Muna ce mata ƙazama," in ji shi,
"ashe ita ke share mana gari."

Tun ran nan idona ya sauka ƙasa.
Na daina bin waya, na koma bin inuwarta.
Na tsinci tuje da karyayyen wuya,
shi da idonsa ke gefe,
yana tsaron dila, yana tsaron maharbi,
zare siriri a tsakiyar sama
ba ya cikin tsoron da iyaye suka bar masa gado.
Na tsinci shamuwa biyu a wata ɗaya,
na tuna kakata Hurera
da ba ta kwance bakin buhun iri
sai shamuwa ta sauka kan gawon ƙofar gida.

Shugaban sarbis ya cire tabarau,
ya ce, "Tsahiru, wuta muke rabawa,
kiwon tsuntsu na wasu ne."
Na ce, ranka ya daɗe, ƙirga man mota,
ƙirga alluran da suka lalace a firiji.
Duk ungulun da ta faɗi
gari guda take ja zuwa duhu.
Ya yi shiru. Ya nemi biro.

Rigar roba arba'in aka ba ni,
da faifai masu ƙyalli cikin kwali biyu,
ga poto sun fi ɗari huɗu.
Bargo ya gaza, sai a rufe inda sanyi ya fi shiga.
Na zaɓi gefen tabki,
inda gauraka ke saukowa bayan la'asar.
Kwana tara ina hawa ina sauka,
ina sa wa ƙarfe riga,
ina rataya wa waya 'yan kunne.
Yara makiyaya na dariya,
wai mai kuran zai aurar da poto.

Jiya, rana ta yi ja a kan ruwa,
gauraka uku suka taso daga yamma,
ƙasa-ƙasa, kai tsaye.
Na riƙe numfashi.
Iska ta juya faifai, ya yi wal.
Na gaba ya ɗaga ƙirji,
ya ƙara bugu biyu,
sauran suka bi shi ta sama.

Ba wanda ya gani sai ni da wani jaki.
Na naɗe igiya.
Gobe poto na arba'in da takwas,
ba ni da sauran roba,
amma akwai tsohon tiyo a bayan mota.