Littafin Bakin Kogi

Hansatu ce ta ba ni littafin,
'yar makarantar nan ta Dutse mai takalmin roba.
Ta ce, "Baba Jatau, kowace Talata
ka rubuta abin da kogi ya faɗa maka."
Na ce, "Shekara hamsin yana yi mini magana,
bai taɓa neman biro ba."

Ta bar mini faifai fari da baƙi a bakin igiya,
kamar murfin kwanon sha.
In sake shi a ruwa, in zuba masa ido
har ya ɓace, sannan in auna.
Kafin injin yashe ya iso Auyo
sai kamu uku yake ɓuya.
Talatar farko bayan zuwansa,
taƙi ɗaya, ruwa ya haɗiye shi,
ruwan ya koma kunun kanwa.

Kada a ce na yi butulci.
Kachala ta shaƙe wa kogin nan wuya,
damina uku muna kwana a firamare,
gero a rumbu yana tsiro.
Injin ya zo da dogon hannu
ya yaƙuto cikin kogi ya jibge a gaɓa,
jinga ta tashi ta fi katangar masallaci.
Bana ruwa ya zo, ya leƙa, ya juya.
Tabawa ta yi guɗa a kan tudun yashi.
Ni ma na yi hamdala.

Amma littafi ba ya guɗa.

Karfasa: da, kwarya biyu a jifar birgi guda,
yau bakwai, na ƙirga su da yatsa.
Kurungu yana nan, shi ba ya fushi da laka.
Tarwaɗa ma ta ƙaru, ban ɓoye ba.
Makankari kuwa,
wanda uwata take kankare tukunya da shi,
na same su a kan jinga, baki buɗe,
rana ta cinye abin da ke ciki.
A gidansu na littafi na zana ƙwai.
Hansatu ta ce sunansa sifili.

Akwai wata 'yar kwana a ƙarƙashin giyayya
inda ƙeƙuwa ke ajiye ƙwanta a fili,
tana zagin duk mai wucewa.
Yanzu yashi gaba biyu ne a kanta,
yashin ƙasan kogi, mai warin ƙarfe.
Na duba shafi, na duba bayansa,
babu layin da aka ware
domin tsuntsuwar da ta daina zagina.
Sai na rubuta a gefe da ajami.

Ɗan'azumi ya ce aikin banza nake,
wai ƙirga gawa ba ya tayar da ita.
Na ce masa ko mai jinya
yana taɓa goshi safe da yamma,
ba don hannunsa magani ne ba.

Wata tara ke nan.
Faifai ya koma kamu biyu saura kaɗan.
Bado ya fito a inda ban shuka ba.
Shekaranjiya na cusa hannu a taɓon sabuwar gaɓa
ina neman tana,
wani abu ya karce ni.
Makankari ne, bai kai farcen jariri ba,
ya rufe bakinsa gam.

Na daɗe a tsugune.
Ban sani ba ko na farkon masu dawowa ne,
ko na ƙarshen waɗanda suka rage.
Na mayar da shi, na shafe taɓo a kansa,
na goge hannu a wando,
na rubuta ɗaya.

Talata mai zuwa zan sake dubawa,
in gwiwar nan ta bar ni.